Tafiyar Oga Marigayi

Angwan Lambu, Keffi.
11 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga 'yata Febi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Victor. Yaya sanyin Gembu, yaya aiki? Mu nan lafiya lau muke. Damina ta zauna sosai, masarar da na shuka a bayan gida har ta wuce gwiwa.

Na koma ga biro da takarda ne saboda duk lokacin da na kira ki, sabis ɗinku na can sai ya cinye rabin maganata, ni kuma kin san ba na son a katse ni. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta a natse.

Kin tambaye ni ko fim ɗin babanki na biyu ya kai na farko. Ke Febi, tambayar nan ta fi ƙarfina, tun da kika yi ta nake juya ta a raina.

Na farkon dai a tsaye kika kalle shi kina haɗa kayan tafiya, don haka bari in tuna miki. Ghali ɗan maƙwabciyarmu Asma'u, wanda na koyar a aji huɗu yana tauna gindin fensir, shi ya shirya shi shekara biyu da suka wuce, da wayarsa da fitilar caji. Labarin 'yan fansho ne da suka mutu, sai aka yi sanarwa a rediyo za a yi tantancewa, duk wanda bai zo da ƙafarsa ba za a cire sunansa. Shi ke nan suka taso daga maƙabarta, suka kakkaɓe ƙasa, suka je suka ja layi. Ghali ya ce su ba fatalwa ba ne, ba kuma aljanu ba, wai sunansu zombi. Har yau ban gane bambancin ba, sai dai su waɗannan suna cizo, kuma duk wanda suka ciza sai ya kama yawo yana neman fayil ɗinsa. Babanki ne shugabansu, Oga Marigayi. Garin rogo aka shafa masa a fuska, jinin kuwa zoɓo ne da na dafa da hannuna. Ranar da aka nuna shi na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi.

Na biyun ranar Asabar aka nuna shi a ɗakin taron wata makaranta da ke kan hanyar Akwanga, ga sunan babanki, Godfrey, da manyan baƙaƙe a jikin fosta. Wannan karon Ghali ya sami masu ɗaukar nauyi. An zo da kyamara ta gaske, da wani ɗan jirgi mai ɗaukar hoto daga sama, da wata yarinya daga Abuja da ta yi musu kwalliyar gawa har tsigar jikin mutum ta tashi. A labarin an ce wa matattun fayil ɗinsu ya koma hedikwata, sai suka kama hanyar Abuja a ƙafa. Da suka isa Mararaba suka tarar da cunkoso, sai ga su da suke jan ƙafa suna wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suna sauka suna bin bayansu don su isa ofis da wuri. A wurin nan ɗakin kamar zai rushe. Asma'u da ke gefena ta riƙe ciki tana dukan cinyata.

Kowa ya fito yana cewa na biyu ya fi, kuma babanki ne ya ɗauke fim ɗin. Wai tafiyarsa ta fi ta da, fuskar nan ko motsi ba ta yi, ga hannun da ya riƙe fayil da shi yana ta karkarwa kamar mai tankaɗe. Ni ma na gani, ba ƙarya suka yi ba. Da jarrabawa nake dubawa, dole na biyu ya zo na ɗaya. Hoto ya fi kyau, ana jin magana, kuma babu akuyar da ta ratsa ta tsakiyar maƙabarta kamar a na farko.

To amma ban yi dariya ba, Febi, ko sau ɗaya. Buɗe baki kawai nake yi don kada Asma'u ta ce ina baƙin ciki da ɗanta. Da muka dawo gida na tambayi kaina ko tsufa ne, ko hawan jinin nan ne, ko kuwa kishin babanki nake don ya zama tauraro ya bar ni da garin rogona. Shi kuwa gogan da na ce masa sannu da ƙoƙari, kai kawai ya gyaɗa ya shige ɗaki.

Ghali ya yi alkawarin kawo mini duka biyun a filashi. Zan zauna in kalle su a jere yadda nake duba takardun yara, sannan in ba ki amsa ta gaskiya. Ki gaida Victor, ki ce masa zumar da ya aiko ta iso.

Mahaifiyarki,
Magdalena.


Angwan Lambu, Keffi.
26 ga Yuni, 2024.

'Yata Febi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata tarin da kika ce yana damun Victor ya lafa. Ki dafa masa citta da lemun tsami, ki daina saya masa alewar kemis.

Na ga saƙonki. Wato daga ganin ɗan guntun fim ɗin da yara suka saka a waya sai ki tambaye ni ko babanki lafiya? Haba Febi. Da ba lafiya ba ni ce zan fara sani, ba ke da ke bayan duwatsu ba. Mutumin da yake tashi da malmala biyu ta tuwo kowace rana, me kike so in ce yana damunsa? Aktin ne, kuma ya iya, shi ke nan.

Abin da ke damuna ni dabam ne. Filashin ya zo, na kalli duka biyun, na sake kallo, har wainar da na ɗora ta ƙone. Na gano inda na farko ya fi, amma in na faɗa sai ki ce na ruɗe, don abin da ya fi da shi kuskure ne. A na farko babanki bai iya ba. Duk inda aka nuno shi dariya yake dannewa. Akwai wurin da akawu ya ce masa ya kawo shaidar cewa yana raye, sai ki ga kafaɗunsa suna rawa, garin rogo yana zuba daga kumatunsa, dole ya juya wa kyamara baya. Wani lokaci ya manta da wace ƙafa yake ja, ya fara da hagu ya ƙare da dama. Muryar nan tasa kuwa ta shugaban mawaƙan coci, in ya ce a ba shi fayil ɗinsa sai ki ɗauka zabura zai ja. Ƙarshen fim ɗin ma rawa suka yi a gaban ofis, shi ne a gaba yana karya kwankwaso da kwat ɗinsa mai ƙasa.

A na biyu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun daga farko har ƙarshe ƙafar dama yake ja, bai taɓa mantawa ba. Hannun dama a manne da jiki. Murya can ƙasa, sai da aka sa masa abin magana a wuyan riga. Idanun nan ko ƙiftawa ba ya yi sai an daɗe. To ki gaya mini, yaya za a yi wanda aka yi daidai ya kasa ba ni dariya, wanda aka yi kuskure kuma in kwana ina tuna shi ina murmushi? Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa ganin takardar da ta ci komai amma na ji ba na son ba ta maki ba.

Ga kuma abin haushi. Babanki ya ƙi fita daga fim ɗin. Tun da aka gama ɗauka ya ɗauko tafiyar nan ya kawo mini ita gida. In ya fita, 'yan acaba suna masa hon suna kiran Oga Marigayi, masu shago suna fitowa, shi kuma yana ja musu ƙafa suna shewa. Wannan na yi masa uzuri, mutum ya yi ritaya ya sami masu tafa masa. Amma ran Lahadi har a coci, lokacin baiko da ake fita ba da sadaka, ya taso daga bencin maza yana wannan tafiya. Matasa suka sunkuyar da kai suna ƙyalƙyalawa, Fasto ma sai da ya rufe baki da hankici. Ni ina cikin zumuntar mata na rasa inda zan sa fuskata.

Da muka dawo na tsaya a tsakar gida na tafa hannu na ce masa kot, yadda Ghali yake faɗi in an gama ɗaukar wuri. A lokacin na farko in na yi masa haka sai ya fashe da dariya ya biyo ni da gudu wai zai cije ni. Wannan karon kallona kawai ya yi da fuskar nan tasa ta fim, ya wuce ya zauna. Gaskiya abin ya ɓata mini rai. Na ce masa in girman kai ne ya shige shi, to ya tuna ni na dafa zoɓon.

Ya kuma bar ƙungiyar mawaƙa, wai a ba matasa dama. Babur ɗinsa ma ya jingine, wai mai ya yi tsada. In na ba shi labari mai ban dariya sai ya ce mini ai yana dariya, alhali fuskar tana nan yadda take. Ban sani ba ko wani laifi na yi masa. Na duba ban gani ba. Ke da yake jin maganarki, in kin kira shi ki bugi cikinsa, amma kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida maigidanki. Allah ya tsare ku.

Mamanki,
Magdalena.


Angwan Lambu, Keffi.
8 ga Yuli, 2024.

Febi,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya da yamma Ghali ya shigo gaishe mu, babanki ya tafi taron dattawan coci, sai muka zauna a baranda. Maganar na uku ya zo da ita, wai matattun za su tsaya takara. Ni kuma na ce bari in yi amfani da damar, na tambaye shi me ya yi wa mijina a wurin ɗaukar na biyu da ya dawo mini da shi haka.

Yaron ya yi ta rantsuwa bai yi masa komai ba, hasali ma bai koya masa komai ba. Ya ce a na farko sai su maimaita wuri ɗaya har rana ta faɗi saboda dariyar Baba, amma a na biyu ɗauka ɗaya ake yi a wuce. Karkarwar hannun nan da kowa yake yabo ba ta cikin abin da ya rubuta, Baba ne ya zo da ita. Ko lokacin cin abinci ba ya sakin jiki, yana zaune yadda yake a fim, har Ghali yana nuna wa sauran 'yan wasan shi yana cewa su koyi aiki. Abu ɗaya kawai Baba ya ƙi. An rubuta za a rufe da rawa kamar na farko, ya ce shi ba zai yi ba, rawa ba ta dace da shugaba ba, dole aka canza ƙarshen.

Febi, babanki ya ƙi rawa? Mutumin da a bikinki sai da makaɗa suka roƙe shi ya zauna su huta? Ghali yana ta zuba, ni kuwa na daina jin abin da yake faɗa. Na sallame shi na ce ya gaida Asma'u.

Yau da safe na shiga ɗaki zan kira shi shan koko. Na same shi a tsaye gaban madubi da farar rigarsa, yana fama da maɓalli. Bai ji shigowata ba. Babu kyamara, babu 'yan acaba, babu kowa sai shi, amma hannun nan yana ta karkarwa, maɓallin yana kuɓuce masa, ya kama ya sake kuɓucewa. Na daɗe a bakin ƙofa. Sai na tuna tun Kirsimeti ya koma sa riguna masu shiga ta kai, ni kuma ina ta yi masa tsiya wai ya zama saurayi.

Na matsa na ɓalla masa maɓallan. Na ce masa, Baban Febi, fim ya ƙare, ka gaya mini abin da ke faruwa. Ya zauna a bakin gado, ya danne hannun dama da na hagu, ya ce:

"Maman Febi, a na biyun nan ban yi aktin ko ɗaya ba."

Ya ce abin ya fara tun bara, daga ɗan yatsa. Ya ɗauka gajiya ce. Daga baya ƙafa ta fara yi masa nauyi, murya ta ƙi hawa in yana jan waƙa, ya kusa faɗuwa da babur a shataletale. Yana cikin tunanin yadda zai ɓoye sai Ghali ya zo da maganar na biyu, ya ji kamar Allah ne ya aiko shi. Wai in mutane suna dariya ba sa tambaya. Gara a kira shi Oga Marigayi a tafa, da a riƙa ce masa sannu ana kauda kai. Ya ce a ransa yana yi mini dariya kamar kullum, fuskar ce ta daina bin umarninsa.

Ban san me na ji ba, har yanzu ban sani ba. Na yi kuka, na yi masa faɗa, na kira shi maƙaryaci, sannan na tambaye shi ko kokon ya huce in ɗumama masa. Na ce ashe duk garin Keffi mun taru mun biya tikiti muna tafa wa ciwonka. Ya ce to ai sun ji daɗi, kuma shi ma ya ji. Kin ji mutum.

Ya ce kada in gaya miki. Na ce ya makara, tun daga Gembu kika hango. Ya ce ba zai je asibiti ba, a bar shi da addu'a. Na ce za mu yi addu'ar a cikin keke napep muna tafiya. Ran Alhamis za mu je.

Ki sa mu a addu'a, ke da Victor. Kada ki kira shi kina kuka, ba zai so ba.

Mamanki,
Magdalena.


Angwan Lambu, Keffi.
13 ga Yuli, 2024.

'Yata Febi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Ina fata kun kwana lafiya, kuma hankalinki ya ɗan kwanta. Na gode da kiran da kika yi masa, ya ce kin yi ta ba shi labarin shanun maƙwabtanku, ya san kuma dalili.

Mun je, mun ga likita, wata mata mai haƙuri. Ta sa shi ya yi tafiya, ya buɗe hannu ya rufe, ya taɓa hancinsa. Ta ce alamu sun nuna cutar Fakinsan ce, ciwo ne na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke kawo rawar jiki da taurin gaɓoɓi. Ba a warkewa, amma akwai magani da ke sassauta shi sosai, mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. Za ta tura mu wurin wani ƙwararre a Abuja ya tabbatar. Na yi mata tambayoyi har ta ce ko ni malama ce. Rabin amsoshin sun bi iska kafin mu iso gida, sai kin zo kin sake tambaya mana.

Asma'u ta sani yanzu. Ghali ya zo ya durƙusa har ƙasa yana kuka, wai zai janye fim ɗin. Babanki ya hana, ya ce aikin mutane da yawa ne. Ni ban san me ya kamata ba. Wani lokaci in ji kamar in jefa filashin nan a rijiya, wani lokaci in ce ai shi ya zaɓa.

Amma abin da nake so in ba ki labari shi ne abin da ya faru kafin mu shiga wurin likitar. Wurin jira cike yake, muna zama wani saurayi ya gane shi. Kafin ki ce me, magana ta zaga, ana nuno mu ana murmushi. Da nas ta leƙo ta kira Godfrey, wani daga baya ya ce ai Oga Marigayi ne ya zo tantancewa. Wurin ya ɗauki dariya, har masu riƙe da ciki. Babanki ya miƙe ya fara takawa, aka ciro wayoyi ana ɗauka. Na buɗe baki zan wanke su tas, sai ya matse mini hannu, na haɗiye.

Muna isa bakin ƙofar likita sai ƙafafunsa suka tsaya cak, kamar an zuba musu siminti. Jikinsa yana son yin gaba, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Aka ƙara shewa, wani har da tafi, an ɗauka sabon salo ne. Ya yi ta ƙoƙari, gumi ya keto masa a goshi. A hankali dariyar ta fara raguwa, wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai fankar sama. Ya juyo da idonsa kaina. Shekara talatin da shida muna tare ban taɓa ganin tsoro a idon babanki ba sai ranar.

Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na saƙala hannuna a nasa, na ɗaga murya irin ta filin asambuli na ce hagu, dama, hagu, dama. A karo na biyu ƙafar hagu ta ɗagu. Muka shiga a tare ina kira yana takawa, babu wanda ya yi dariya. Da muka fito, saurayin nan da ya fara gane shi ya tashi ya riƙe mana ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce sannu Baba. Babanki ya amsa masa da yauwa. A cikin keke napep bai saki hannuna ba har gida.

Febi, kada ki jira Kirsimeti. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo, ko na mako ɗaya ne. Bai ce in kira ki ba, amma jiya na gan shi yana share ɗakinki da hannun hagu.

Ki gaida Victor. Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Magdalena.